Kurakuran Kuɗi da Ke Katse Karatun Likita a Ƙasar Waje, da Yadda Ake Kauce Musu

Karatun likita da na likitan haƙori suna da wani hali da iyaye da ɗalibai ba su cika lura da shi ba sai an yi nisa: in aka tsaya a rabi, ba ya ba da komai. Wanda ya yi shekara uku yana karanta tattalin arziki ya tsaya, wata jami'a na iya karɓar abin da ya ci ya ɗora a kai. Makarantun likitanci kuwa da wuya su ɗauki ɗalibi daga tsakiya, domin kowace na da tsarinta na jera darussa da zaman asibiti. In kuɗi ya yanke a aji huɗu, abin da aka kashe a aji ɗaya zuwa uku ma ya tafi. Shi ya sa lissafin da ya dace shi ne wanda ya fara daga ranar da za ka karɓi albashinka na farko da lasisi a hannu, ya gangaro baya zuwa ranar tashi.

Ninka kuɗin shekarar farko sau shida

Wannan ne kuskuren da ya fi yawa. A ga dala 10,000 a takardar shiga, a ce shekara shida dala 60,000 ke nan. Jami'o'i da dama suna ƙara kuɗi kowace shekara. In ƙarin kashi 5 cikin 100 ne kacal, shekara ta shida za ta kai dala 12,763, jimilla kuma ta haura 68,000. A Birtaniya makarantu da yawa suna da farashi biyu: na shekarun aji da ɗakin gwaji, da na shekarun asibiti, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ɗalibin haƙori yana da nasa ƙarin, domin a wurare da yawa shi ke sayen kayan aikinsa, da haƙoran roba na gwaji, da tabarau mai ƙara girma, kuma waɗannan kan kai dubban daloli.

Sai shekarun da ba a rubuta a talla. A Jamus ana koyar da likitanci a jami'o'in gwamnati da Jamusanci, kuma wanda takardar sakandarensa ba ta yi daidai da tasu ba sai ya yi shekarar share fage kafin ya nemi gurbi. Amurka ba ta ɗaukar ɗan sakandare kai tsaye: sai digiri na farko, sai jarrabawar shiga makarantar likitanci ta MCAT, sannan shekara huɗu. Maimaita aji kuma ba baƙon abu ba ne a wannan fanni, har ga masu ƙwazo, kuma galibi cikakken kuɗi ake biya.

Gyaran shi ne ka rubuta wa ofishin kuɗi na jami'ar da kanka ka nemi amsa a rubuce: nawa ne kuɗin kowace shekara har ta ƙarshe, nawa aka ƙara a shekaru biyar da suka wuce, ana daskarar da farashi ga wanda ya riga ya shiga ko a'a, kuma nawa ne kuɗin maimaita darasi ko aji. Ka haɗa da haya, abinci, inshorar lafiya, sabunta izinin zama, tikitin jirgi. A kan jimillar ka ɗora kuɗin shekara guda cur na ko-ta-kwana. In lissafin bai fita da wannan ƙarin ba, makarantar ta fi ƙarfin aljihun, komai kyanta. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Mantawa da canji

Iyali suna samun kuɗi da kuɗin ƙasarsu, makaranta tana karɓar dala, yuro ko fam. A watan Maris na 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga kusan 31 zuwa kusan 50 a kan dala cikin yini guda, kuma duk mai biyan kuɗin makaranta a waje daga can ya wayi gari nauyinsa ya ƙaru da fiye da rabi. Shekara shida ta isa irin wannan ya faru da kowane kuɗi mai rauni. Abin yi shi ne a ajiye aƙalla kuɗin shekara biyu masu zuwa cikin kuɗin da makaranta ke karɓa, ta halastacciyar hanya, a riƙa cike gurbin duk lokacin da aka biya. A kuma gwada lissafin da tambaya ɗaya: in darajar kuɗinmu ta faɗi da rabi, za mu iya kaiwa ƙarshe?

Aron kuɗi don nuna wa ofishin biza

Wasu kan ari kuɗi a zuba a asusu, a buga takardar banki, a mayar wa mai shi. Ban da haɗarin a gane a hana biza, wannan yaudarar kai ce, domin adadin da ƙasashe ke nema shi ne mafi ƙarancin abin da za ka ci ka kwana da shi.

Ƙa'idojin ma an tsara su ne don toshe wannan. Birtaniya tana son kuɗin makaranta na shekarar farko da na zaman wata tara su zauna a asusu kwana 28 a jere ba tare da sun ragu ba. Akwai kuma harajin lafiya na fam 776 a shekara da aka fara karɓa a 2024, wanda ake biya gaba ɗaya na tsawon bizar tun kafin a tashi. Ga mai karatun shekara biyar, kusan fam 4,000 ke nan a dunƙule. Jamus tana neman a kulle kuɗi a asusu na musamman, yuro 11,904 na shekara tun Satumban 2024, ana sakar maka 992 kowane wata. A Amurka, cikin 'yan makarantun likitanci da ke ɗaukar baƙi, wasu suna neman a ajiye kuɗin shekara ɗaya zuwa huɗu a asusun amana kafin a fara karatu. Waɗannan alƙaluma suna canzawa, don haka a duba shafin gwamnatin ƙasar a watan da za a nemi biza.

"Zan yi aiki in biya"

Ba zai yiwu ba. Bizar ɗalibi a Birtaniya da Amurka awa 20 a mako ta yarda lokacin zangon karatu, a Amurka ma a cikin harabar makaranta kawai. Jamus ta yarda da cikakkun kwanaki 140 a shekara. Ko da doka ta ba da dama, shekarun asibiti suna cinye yini har da wasu darare. Aiki na iya rage kuɗin abinci da mota. Wanda ya ɗora kuɗin makaranta a kansa yakan faɗi jarrabawa, ya maimaita aji, ya biya ninki.

Neman tallafi a ƙofar da ba ta likitanci ba

Ɗalibai kan ɓata watanni a kan sunayen da suka fi shahara. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya na digiri na biyu ne na shekara ɗaya. Shirin Fulbright na Amurka na ɗaliban waje ba ya ɗaukar nauyin karatun duba marasa lafiya. Rancen gwamnatin Amurka da ake nema ta fom ɗin FAFSA na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin, mai bizar ɗalibi ta F-1 ba ya ciki.

Ƙofofin da ke kai wa ga digirin likita daga tushe galibi na gwamnatoci ne: Stipendium Hungaricum na ƙasar Hangari, tallafin gwamnatin Turkiyya, na gwamnatin Sin, da makarantar likitanci ta ELAM da Kyuba ta buɗe a 1999. Wasunsu sai ta hannun ma'aikatar ilimin ƙasarka, kuma guraben likitanci kaɗan ne. Jami'o'in gwamnati na Italiya da ke koyarwa da Turanci, waɗanda ake shiga da jarrabawar IMAT, suna yanke kuɗi gwargwadon ƙarfin iyali, sai dai ana bukatar takardun shaidar samun kuɗin gida da aka fassara aka tantance a kan lokaci.

In an samu tallafi, a karanta sharuɗɗansa layi-layi. Na shekara nawa ne? Wane maki ake so a riƙe? In aka maimaita aji yana ci gaba? Akwai alkawarin komawa gida a yi aiki na wasu shekaru? "Rangwamen kashi 50" da wasu makarantu masu zaman kansu ke tallatawa sau da yawa na shekarar farko ne kawai. Wanda gwamnati ko wata hukuma ta ɗauki nauyinsa kuma ya tanadi kuɗin zango guda na kansa, domin jinkirin biya yana faruwa, jami'a kuwa ɗalibi take hana wa rajista.

Cin bashi ba tare da lissafin ruwa ba

Nan ne ya fi dacewa a zauna da biro da takarda. A Amurka yawancin bankuna ba sa ba baƙon ɗalibi rance sai da mai tsaya masa ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin. Mai tsayawar ya sani cewa bashin nasa ne a shari'a: in ɗalibi ya kasa, shi za a bi.

Ruwa kuma yana fara hawa ne daga ranar da aka fitar da kuɗi, ko da an ce ba sai ka fara biya ba kafin ka gama. Ɗauki mai rancen dala 50,000 a farkon kowace shekara, shekara huɗu, a kan kashi 10 cikin 100. Rancen farko zai tara 20,000, na biyu 15,000, na uku 10,000, na huɗu 5,000. Ranar yaye ana binsa 250,000 maimakon 200,000. In aka haɗe ruwan da uwar kuɗi, kamar yadda yarjejeniyoyi da yawa suka tanada, ruwan shekara guda kaɗai 25,000 ne, alhali likita mai neman ƙwarewa a Amurka albashinsa bai wuce dala dubu sittin da wani abu zuwa saba'in ba a shekarun farko. Gurbin ma ba tabbas: cikin baƙin da suka yi karatu a wajen Amurka, kusan shida cikin goma ne ke samun gurbin horon ƙwarewa a shekarun nan. Wanda ya ci bashin dala ya koma karɓar albashi da kuɗi mai rauni yana iya shafe rayuwar aikinsa yana biya.

Kafin sa hannu a tambaya: ruwan tsayayye ne ko mai canzawa, yaushe ake haɗe shi da uwar kuɗi, akwai sassauci lokacin horon ƙwarewa, akwai tara in an biya da wuri, me zai faru in ɗalibi ya rasu ko ya bar karatu. Mai guje wa bashi mai ruwa saboda addini ya gina shirinsa tun farko a kan tallafi, gudummawar dangi da aka rubuta, da ƙasa mai sauƙin kuɗi.

Makaranta mai araha da ba a amince da ita ba

Digirin da ba zai ba ka lasisi ba shi ne mafi tsada. Kafin a biya ko sisi, a duba sunan makarantar a kundin makarantun likitanci na duniya da hukumar ilimin likitanci ta duniya, WFME, ke kula da shi a intanet, sannan a tambayi hukumar likitocin ƙasar da za ka yi aiki ko tana karɓar masu digirinta. Shiga kundin kaɗai bai isa ba. Mai son Amurka ya tabbata akwai bayanin ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, a shafin makarantar a cikin kundin. A kuma sa kuɗin jarrabawar lasisi cikin kasafi: a 2024 kowane ɗaya daga matakai biyu na farko na USMLE, jarrabawar lasisin Amurka, ya kai dala 1,000 ko fiye ga mai rubutawa daga waje, kashi na biyu na PLAB, jarrabawar lasisin Birtaniya, kuma sai an je Mancesta. Likitan haƙori da ya yi karatu a wata ƙasa, a yawancin jihohin Amurka sai ya ƙara shekara biyu zuwa uku a makarantarsu da cikakken kuɗi. Tsakanin yaye da albashin farko ana iya yin shekara guda ko fiye, kuma dole a ci abinci a cikinta.

Biya ta hannun dillali, da biya gaba

Kuɗin makaranta asusun jami'a yake shiga, wanda ke kan takardar neman biya da ta fito daga ofishinta, kuma rasit daga can ake karɓa. Dillali a biya shi ladan aikinsa daban. Kada a biya shekaru da yawa gaba don kwaɗayin rangwame sai an ga ƙa'idar mayar da kuɗi a rubuce. Yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 sun tarwatsa dubban ɗaliban likitanci, da yawa suka fita ba takardar sakamako. Ka karɓi taka mai hatimi a ƙarshen kowace shekara, tare da bayanin darussa da awannin asibiti, ka ajiye kwafi a intanet.

In kuma ka hango kuɗi zai gaza, je ofishin kuɗi da na ɗaliban waje kafin wa'adin biya ya wuce. Jami'o'i da yawa suna yarda a biya kashi-kashi, wasu suna da asusun agajin gaggawa, amma ga wanda ya yi magana da wuri. Kada ka ɗauki hutun dakatar da karatu sai ka tambayi abin da zai yi wa izinin zamanka, domin a Birtaniya da Amurka dakatarwa mai tsawo kan sa a yanke biza, kuma jami'ar da ke binka bashi tana iya riƙe takardun da za ka nemi wata makarantar da su.