Yadda Ake Shirya Bishiyar Kirsimeti Mai Ƙarancin Ado

A 'yan shekarun nan gidaje da dama a Turai da Amurka sun fara barin bishiyar Kirsimeti mai duhun ganye, wadda ake lafta wa kayan ƙyalƙyali har reshe ya daina ganuwa, sun koma ga siririyar bishiya mai rassa jefi-jefi, wadda mutum zai iya hango bango ta tsakaninsu. Salon ya daɗe a ƙasashen arewacin Turai, inda aka saba barin bishiya yadda ta tsiro a daji, saɓanin Amurka inda masu gonakin bishiyar ke yi mata aski kowace shekara domin ta cika ta yi kauri. Bishiyar da Oslo, babban birnin Norwe, ke aika wa Landan tun daga 1947, don godiya ga taimakon da Birtaniya ta ba Norwe a Yaƙin Duniya na Biyu, irin wannan ce, kuma akan jera mata fitilu a tsaye daga sama zuwa ƙasa. A wasu shekarun mutanen Landan sukan yi ƙorafin cewa ta rame, amma a ganina wannan sararin da ke tsakanin rassa shi ne adon, kuma a kansa duk aikin ya dogara.

Ga iyalan Kirista da ke Jos, Kaduna ko Yola, salon yana da wani amfani na daban. Kirsimeti yana faɗowa ne a tsakiyar hunturu, kuma duk wanda ya taɓa kakkaɓe ƙura daga bishiyar roba mai cunkoson ganye ya san wahalar da ke ciki, alhali mai rassa kaɗan tsumma ɗaya ya ishe ta.

Abu na farko shi ne samun bishiyar. Wanda yake da ta roba ba sai ya sayi sabuwa ba, domin yawancinsu rassansu na waya ne, ana iya cire wasu, a lanƙwasa sauran su miƙe a kwance, a bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin kowane hawa da na samansa. Ni dai na fi son busasshen reshe na gaske. Reshen gwaiba ya fi burge ni saboda santsin ɓawonsa da yadda yake karkacewa, kodayake na dalbejiya ma yana yi. A nemi wanda tsawonsa bai wuce mita ɗaya da rabi ba, mai yatsu biyar zuwa bakwai da suka bazu ta kowane gefe, sannan a duba shi da kyau, domin idan aka ga ƙananan huda ko gari yana zuba daga jikinsa, to ƙwari sun riga sun shiga, kuma bai kamata a kai shi kusa da kujeru da ƙofofin katako ba. A goge shi da samfefa, a share da ɗanyen tsumma, a bar shi ya sha iska. Wasu sukan shafa masa farin fenti, amma launin itacen kansa ya fi kwanciya a ido.

Gindin shi ne wurin da ya fi buƙatar haƙuri. A shekarar da na fara wannan aiki na dasa reshen a cikin bokitin roba da yashi kaɗan, washegari da asuba iska ta bugo labule, labulen ya ture shi, na tarar da ƙwallayen gilashi guda uku da mahaifiyata ta bar mini sun tarwatse a kan siminti. Tun daga ranar tukunyar ƙasa mai faɗin gindi nake amfani da ita. A tsayar da reshen a tsakiya, a kewaye shi da manyan duwatsu har ya daina motsi, a cika da yashi a danna sosai, sannan a rufe saman da farar tsakuwa. Aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na tsawon reshen ya kasance a binne. Kafin a rataya komai, a girgiza shi da hannu, idan ya karkata a sake dasawa. Wurin da ya fi dacewa da shi shi ne gaban bango marar hotuna, nesa da taga da hanyar wucewar yara, domin inuwar rassan a jikin bango da dare tana daga cikin abin da ake nema.

Fitilu ake fara sawa kafin sauran kaya. Igiya ɗaya ta ƙananan fitilun LED ta wadatar, masu haske ruwan zuma wanda ba ya ƙyaftawa, kuma gara a nemi masu siririyar wayar tagulla, saboda a irin wannan bishiya babu ganyen da zai ɓoye waya mai kauri. A naɗe ta a jikin gangar daga ƙasa zuwa sama, a bi da ita kan manyan rassa biyu ko uku. Masu aiki da batir sun fi kwanciyar hankali inda wuta ke ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi. Kyandir kuwa kada a kusanto da shi ko kaɗan. Jamusawan da suka yaɗa al'adar bishiyar sun yi amfani da shi kafin a fara sa fitilun lantarki a birnin New York a 1882, amma busasshen itace a cikin hunturu ba ya jiran tartsatsi na biyu.

Wajen kayan ratayawa, a tsaya a kan launi biyu, kuma abu goma zuwa goma sha biyar ya ishi bishiya mai wannan tsawo. Mutanen Suwidin da Finlan da tattakar hatsi suke saƙa taurarinsu, mu kuma muna da kaba da ƙananan ƙore da zaren auduga, waɗanda suke ba da irin wannan kyan. Lemon zaƙi da aka yanka fale-fale aka shanya kwana uku ko huɗu a iskar hunturu yakan bushe ya zama kamar gilashi idan haske ya ratsa shi, kuma idan aka soka masa kanumfari falon yakan ɗauki ƙamshi. A rataya masu nauyi kusa da gangar, marasa nauyi a bakin reshe, da zare mai tsawo dabam-dabam don kada su jeru kamar shanya. Bayan kowane abu uku a ja da baya zuwa bakin ƙofa a duba, kuma a bar wasu rassan babu komai a kansu. Idan yara suka kawo abin da suka yanka da takarda a makarantar Lahadi, a ba shi reshen da ya fi fitowa fili, a cire wani abu na saye domin a sama masa wuri.

Gidaje da dama sukan sauke bishiyar a ranar 5 ko 6 ga Janairu. A cire batir daga fitilun kafin a ajiye su don kada ya zubo ya ci wayar, a naɗe igiyar a jikin guntun kwali, a zubar da lemon tunda zai yi fumfuna da damina, reshen kuma a rataye shi a wuri busasshe inda gara ba za ta kai gare shi ba.