Kurakuran da maharba suka fi yi wajen zaɓen harsashi

Tun da wayoyi suka wadata, samarin maharba a Zariya suka tsunduma kallon bidiyon Amurkawa masu ɗura harsashi da hannunsu, wato zuba albarushi a kwanson harsashi su haɗa shi da kansu. A majalisun Tudun Wada da Samaru sai ka ji ana musun wane harsashi ya fi wane gudu, yaro yana kiran harsashin 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007, alhali ko a hannu bai taɓa riƙe shi ba. Musun ba laifi ba ne. Abin da ke biyo bayansa ne ke cin yatsu da idanu.

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne ɗaukar cewa in lamba ta zo ɗaya, harsashi ɗaya ne. In an ce 7.62, akwai 7.62×39, akwai 7.62×51, akwai 7.62×54. Lambar farko kauri ce, ta biyun tsawon kwanso ne a milimita, kuma kowanne da bindigarsa. Wanda ya ƙi shiga ma da sauƙi, matsalar tana ga wanda ya shiga alhali ba gidansa ba ne. Harsashin 5.56 yana zama daram a bindigar da aka yi don .223 Remington, amma matsin da yake haifarwa a cikinta na iya wuce ƙa'ida. Na .300 Blackout ya fi muni: yakan shige bindigar .223, ana taɓa kunama kan harsashin ya tarar da bututu ya yi masa kaɗan, bindiga ta tarwatse a fuskar mai ita. Masu bindiga mai baki biyu ma ba su tsira ba, domin harsashi mai lamba 20 in aka jefa shi a bindiga mai lamba 12, sulalewa yake yi ya maƙale a ciki, mutum ya zaci bai ɗura ba ya ƙara wani a kai. Maganin bai da wuya: karanta abin da aka zana a jikin bututu, juya harsashi ka karanta gindin kwanso, in ba su zo ɗaya ba a ajiye. Kada kuma a haɗa iri biyu a aljihu ɗaya.

Sai zancen gudu. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa in zafi yana digiri 20, a bazarar Zariya kuwa da zafi ke kusantar 40 yakan kai wajen 355. Harsashin .308 Winchester yana fita da gudun fiye da mita 800 a daƙiƙa, ya ninka sauti ke nan har da ɗoriya, shi ya sa ake jin wannan ƙarar mai tsaga kunne. To mai harbin gada daga kusa, me zai yi da ƙari a kan haka? Ƙarin gudu ƙarin matsi ne, kuma bututu saurin cinyewa yake yi. Zafin rana ma ƙara matsi yake, don haka barin harsashi a mota tsakar rana ganganci ne.

Masu bindigar toka suna da nasu: a farke harsashin zamani a juye albarushinsa a harbi-ka-ruga, wai don ta ƙara ƙarfi. Baƙin albarushin bindigar toka daban, marar hayaƙi na harsashin zamani daban. Bututun da maƙeri ya haɗa ba zai ɗauki matsin na biyun ba, fashewa zai yi.

Ɗura harsashi a gida kuwa, Ba'amurken da kake kallo yana da sikelin da ke auna abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na giram ba, da jadawalin da kamfanoni suka gwada, kuma dokar ƙasarsa ta yarje masa. Mu Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ko haɗa shi sai a wuraren da hukuma ta keɓe. Aikin irin su DICON ne, masana'antar ƙera makamai da aka kafa a Kaduna a 1964. Ƙauye da birni duk ɗaya ne a nan: lasisin riƙe bindiga bai ba kowa izinin ɗura kwanso ba.

In ka danna kunama ka ji shiru, kada ka leƙa kada ka buɗe nan take, musamman da harsashin da ya sha danshin damina. Riƙe bindigar baki na kallon inda babu kowa, ka ba ta minti guda, domin wani yakan tashi a makare. In kuma ƙarar ta fito a raunane, sauke harsasai ka duba bututu kafin ka sake harbi, wataƙila kan na farkon yana nan a maƙale.