Yadda kwamiti zai tsare kansa daga karkatar tunani wajen yanke shawara

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ƙungiya ko hukumar gudanarwar kamfani ya san yadda taro kan kasance. Da zarar shugaba ya ce, "Ni dai a ganina," sai mambobi su shiga gyaɗa kai, wanda ya zo da hujja dabam ya haɗiye ta saboda kunya da ganin girman na gaba, sakatare kuma ya rubuta cewa an amince baki ɗaya, alhali mutum guda ne ya yi tunanin.

Saboda haka gyaran da na fi ba muhimmanci shi ne na tsarin magana. Kafin muhawara, a raba wa kowa takarda ya rubuta ra'ayinsa da dalilinsa ba tare da sa suna ba, a tattara a karanta. Sannan a fara jin ta bakin ƙananan mambobi, shugaba ya zama na ƙarshe. Wannan ba raini ba ne ga manya, kāriya ce ga shawarar da za su sa wa hannu. A gwajin da masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch ya yi a Amurka a shekarun 1950, kusan kashi uku cikin huɗu na mutanen sun bi amsar da kuskurenta ke a fili, aƙalla sau ɗaya, don kawai sauran sun riga su faɗinta. Amma da aka sami mutum ɗaya tak ya saɓa wa taron, bin ya ragu ƙwarai. Shugaban Amurka Kennedy ma, bayan mamayar Kuba da gwamnatinsa ta ɗauki nauyi ta wargaje a 1961, ya riƙa fita daga wasu zaman mashawartansa lokacin rikicin makamai masu linzami da Tarayyar Sobiyat a 1962, domin su saki jiki su yi gardama.

Idan maganar kuɗi ce, kada ɗan kwangila ko ma'aji ya fara ambaton adadi, domin lambar farko tana ɗaure tunani kamar turke. Masana halayyar ɗan Adam Tversky da Kahneman sun nuna haka a 1974: waɗanda aka fara nuna wa lamba 10 sun ƙiyasta ƙasashen Afirka kashi 25 cikin ɗari ne na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda suka ga 65 suka ce kashi 45. Kowa ya fara rubuta nasa ƙiyasin.

Kafin a rufe batun, shugaba ya yi amfani da dabarar masanin yanke shawara Gary Klein, ya ce wa mambobi: "Mu ƙaddara shekara ta wuce, aikin nan ya rushe. Me ya rusa shi?" A ba su minti goma su rubuta. Ran wanka ba a ɓoyon cibi, kuma da wannan tambaya mai shakka yakan sami damar faɗin damuwarsa ba tare da an ɗauke shi ɗan adawa ba. A shigar da duk abin da aka lissafa cikin rahoton taro, a kuma sa ranar da za a dawo a duba su ɗaya bayan ɗaya.