Yadda Za Ki Sabunta Tufafinki Bayan Kin Rage Ƙiba

Ranar da zanin da nake ɗaurawa da ƙyar ya zagaye ni har ya yi saura, na yi murna sosai. Washegari kuma na buɗe durowa na rasa abin sawa, duk rigunana sun koma kamar na aro. Idan kin zo wannan gaɓar, ga yadda za ki bi.

Fara da awo. Ki sayi tef irin na teloli, ki auna ƙirji, ƙugu, kwatangwalo da damtse, da safe kafin karin kumallo. Kada ki matse tef ɗin, kada ki shanye ciki. Ki rubuta a littafi da kwanan wata, ki maimaita duk wata. Sau da yawa sikeli kan tsaya cak alhali inci na raguwa. Likitoci suna son kewayen ƙugu ya gaza rabin tsayin mutum.

Sai ki zazzage kayanki a kan gado ki raba su uku: na gyara, na kyauta, da 'yan kaɗan na ajiya. Leshi da atamfa masu tsada ki kai wa tela, amma ki ce masa, "Malam, ninkewa za ka yi daga ciki, kada ka yanke." Wani tela ya taɓa datse min leshin bikin ƙanwata, da jikina ya ɗan dawo bayan azumi rigar ta ƙi shiga, babu kuma inda za a buɗe. Har yau abin yana min ciwo. Rigar da kafaɗarta ta zubo kuwa gyaranta da wuya, gara ki ba wata ta mora.

Yanzu kasuwa, amma a hankali. Ragewa ta lafiya ba ta wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, don haka abin da ya zauna miki yau zai iya yin yawa nan da wata uku. Rigar mama ce farkon saye, domin ita ke gyara zaman kowace riga. Kayan zaman gida ki nufi 'yan gwanjo a Kasuwar Bacci ta Kaduna, da tef ɗinki a jaka. Lambar da ke wuyan riga kan ruɗar da mutum: 14 ta Ingila ita ce kusan 10 ta Amurka, 42 a yawancin Turai. Shimfiɗa rigar, auna faɗin ƙirjinta, ninka biyu, ki gwada da awonki. Siket mai roba da doguwar riga mai igiya za su daɗe suna bin jikinki. Idan kin ga turmin da ya kwanta miki a Kasuwar Gumi, saya ki ajiye, yadi shida ba ya matse kowa.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki sayi rigar da ta yi miki kaɗan wai sai kin ƙara ramewa. Kullum kika buɗe durowa za ta sa ki ji kin gaza, alhali kin yi ƙoƙari.

Za ki ga fatar ciki da ta damtse ta ɗan saki, nankarwa kuma tana nan, musamman ga wadda ta haihu. Takan dushe a hankali, amma babu man da ke share ta gaba ɗaya, kada ki zubar da kuɗinki. Jikin nan shi ya ɗauki ciki, shi ya zagaya Murtala Square da ke da sassafe.

A gidan biki kuma sai an ce, "Wance, lafiya kika rame haka?" Ki amsa, "Lafiya lau, Gwaggo, ni na so." Amma idan ramar ta zo ba tare da kin nema ba, ga ƙishirwa da yawan fitsari ko tari mai daɗewa, asibiti za ki fara zuwa kafin kasuwa.

Ɗinkin sallah ko anko, ki je da kanki a sake auna ki. Kada ki aika da tsohuwar riga a matsayin gwaji.