Rauni a bakin aiki: ku rubuta shi tun ranar

'Yan uwa ma'aikata, in kun ji ciwo a bakin aiki, ku sanar da shugabanku a rubuce tun ranar, ko da saƙon waya ne. Maganar baki ba ta barin shaida.

Ku ɗauki hoton raunin da injin ko tsanin da ya jawo shi. A asibiti ku tabbatar likita ya rubuta inda abin ya faru.

Dokar diyya galibi ba ta buƙatar ku nuna laifin mai kamfani, amma tana da wa'adin kai rahoto. Ni raina ciwon bayana na yi, sai bayan wata biyu na yi magana, aka ce a gida na samo shi. Har yau abin na damuna.

Amma wanda ya ji rauni cikin maye, da wuya dokar diyya ta fisshe shi.