Darasi na Bakwai: Batirin Litiyam a Cikin Jirgin Ruwa

Wayar hannu, fawabank, tocilar masu nutso da kyamarar ƙarƙashin ruwa, yawancinsu batirin litiyam ne a ciki. A cikin batirin akwai ɓangarori biyu da wata siririyar leda ta raba, ga kuma wani ruwa mai saurin kamawa da wuta. Idan ledar ta huje saboda faɗuwa, ko zafi, ko cajin da ya wuce kima, sai ɓangarorin su haɗu. Batirin ya yi ta ƙara wa kansa zafi har ya kama, ya kuma kunna na kusa da shi.

A daren 2 ga Satumba 2019, jirgin masu nutso mai suna Conception ya ƙone kusa da gaɓar Kalifoniya a Amurka. Mutum 34 suka rasu a ɗakin kwana na ƙasa. Masu bincike ba su tsayar da abin da ya tada wutar ba, amma an bar wayoyi da kyamarori a caji a falon da ke saman ɗakin, kuma ma'aikatan jirgin duk barci suke, babu mai gadi.

Lokacin caji

Nan ne haɗarin ya fi yawa. Ka yi caji da rana, idonka biyu. Ka ɗora batirin a kan faranti na ƙarfe, ba a kan katifa ko tawul ba, kuma nesa da jarkar fetur da ƙofar fita. Kada ka cika soket ɗaya da caja biyar ko shida.

Batirin tocila mai lamba 18650 yana cika ne idan ƙarfin lantarkinsa ya kai bolt 4.2. Caja mai kyau tana tsayawa a nan da kanta. Ta bogi ba ta san tsayawa ba, kuma arharta ba ta kai asarar jirgi ba. Kada a yi caji idan zafin batirin ya haura digiri 45. Wanda ya wuni a rana, a bar shi a inuwa ya huce tukuna. Ka riƙa taɓa shi da bayan hannu: ɗumi ba komai, amma idan ba ya taɓuwa, cire filogi.

Ruwan gishiri

Ruwan teku yana ɗaukar lantarki, yana kuma cin ƙarfe. Kafin ka buɗe tocila, ka ɗauraye ta da ruwan daɗi, ka goge ta, hannunka a bushe. Duba zoben robar murfin: gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ta isa ta sa ruwa ya shiga. Idan ya shiga, iska kan taru a ciki, don haka ka kwance murfin a hankali, bakinsa ba ya kallon fuskarka. Batirin da ya sha ruwa ya gama aiki, ko da ya bushe.

Haka wanda ya kumbura, ko ya lotsa, ko yake wari. Ka liƙe bakinsa da salatif, ka sa shi cikin bokitin ƙarfe mai yashi a sarari. Masu lafiya kuwa, kowanne a kwalinsa na roba, kada su gauraya da makulli ko tsabar kuɗi. Idan za su daɗe a ajiye, a bar cajinsu wajen rabi.

Idan ya fara hayaƙi

Kashe wutar soket, ka ta da kowa. Zuba ruwa mai yawa don ya huce, kada ka rufe shi da bargo. Hayaƙin guba ne, ka tsaya ta inda iska ke busowa. Ko wutar ta mutu tana iya sake tashi, saboda haka a bar shi cikin bokitin ruwa a waje, wani na lura da shi.

Idan tafiyar ta jirgin sama ce, batiran da ba a cikin na'ura suke ba a jakar hannu ake sa su. Wanda ya wuce wat-awa 100 (ma'aunin yawan wutar da batiri ke ɗauka, Wh) sai da izinin kamfanin jirgin. Fawabank mai lamba 20,000mAh a jikinsa yana da wat-awa 74.