Yadda za ka riƙa lissafa ƙaurin sunan 'yan wasanka a aikin sanɗa

Idan kai ke jan wasa irin su Dungeons & Dragons, wato wasan tebur da kai ke ba da labari 'yan wasa kuma na taka rawar mutanen cikinsa, ka san abin da ke ɓata aikin sanɗa: mutum ɗaya ya jefa dayis (ɗan ƙwallon nan mai lambobi irin na ludo) bai ci ba, shikenan duk dogaran fada sun farka, an koma faɗa. Gaskiya wannan na ƙona min rai, don mutane sun ɓata awa guda suna tsara yadda za su shiga, jifa ɗaya ya rusa komai.

Abin da nake yi shi ne raba abin gida biyu, akwai hayaniyar daren nan, akwai kuma ƙaurin suna da zai bi su har bayan sun fita.

Na daren, zana da'ira a takarda ka yanka ta gida 6, ka ajiye a tsakiyar tebur kowa na gani. Wani ya taka busasshen ganye ko ƙofa ta yi ƙara, cike gida 1. An bar gawar mai gadi a hanya, cike 2. Kafin ta cika masu gadi zargi kawai suke, su ɗaga fitila, su saki kare, su canza hanyar sintiri, sai ta cika tukuna a buga ƙararrawa. Wannan dabarar agogo daga Blades in the Dark na John Harper na ɗauko ta, wasan da ya fito a 2017.

Ƙaurin suna kuwa ni da wake nake yi, kofin gilashi da ƙwayar wake. Bayan an gama aiki sai in tambaye su, wa ya ga fuskarku, an zubar da jini, me kuka bari a baya, kayan wa kuka ɗauka, kowace amsa mara daɗi ƙwaya ɗaya ce, idan gidan babban mutum ne ƙara biyu. A Blades idan ƙaurin sunan ya kai 9 hukuma ta fara nemanka kenan, nima 9 ɗin nake amfani da ita. Wallahi ƙarar waken nan idan ya faɗa kofi ta fi duk wani bayani da zan yi, sai ka ga teburin ya yi tsit.

Amma kar lambar ta zauna a kofi kawai, dole a gan ta a cikin gari. A 3 mai masauki ya fara kallonsu sau biyu, a 6 dillalin kayan sata ya karya musu farashi yana cewa kayanku da zafi, a 9 zanen fuskar ɗayansu na manne a ƙofar gari.

Sannan ka ba su hanyar rage waken, su toshe bakin shaida da kuɗi, su kwanta sati biyu ba motsi, ko su ɗora laifin kan wata ƙungiyar ɓarayi, wanda shi ma wata rigimar ce za ta same su a zama na gaba.